AIKI DA GODIYA: ABIN KOYI DAGA GIDAJEN KIRISTOCIN KARKARA

Ƴan uwa manoma da makiyaya, in ka iske mutum cikin gona ka ce masa "Ina aiki?", sai ya ce "Aiki da godiya." In ka ce "Ina ruwa?", sai ya ce "Ruwa ya yi gyara." In ka tambayi gida da yara, sai ya ce "Lafiya lau, mun gode Allah." Kalmar godiya tana bakinmu tun safe har dare. Amma sau da yawa baki ne kawai yake faɗi, zuciya tana can wurin bashi, ko wurin rumbun da ya yi ƙasa.

A wannan wata za mu duba yadda maƙwabtanmu Kiristoci suke gode wa Allah kowace rana saboda iyali da abinci da lafiya. Maganar ta shafi kowa, Musulmi da Kirista, domin ruwan sama ɗaya muke jira, rijiya ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci.

SU WANE NE?

Kiristoci ba su da yawa a Nijar. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna ba su kai mutum 1 cikin 100 ba. Ana samun su a Yamai, da Damagaram, da Maraɗi, da Tsibiri, da Danja, da Galmi, da Dogon Dutsi, da ƙauyukan da ke kewaye. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, daga baya suka zauna Tsibiri kusa da Maraɗi. Ƴan Katolika kuma sun kafa mishan a Yamai a 1931. An buɗe asibitin Galmi a 1950, asibitin kuturta na Danja kuma a 1956. Mutane da yawa cikinmu sun taɓa kai mara lafiya ɗaya daga cikin waɗannan wurare biyu.

Kiristocin ƙauye manoma ne kamar kowa. Suna shuka hatsi da dawa da wake da gujiya, suna kiwon awaki da tumaki. Da Hausa suke karatu da addu'a da waƙa, gama tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa.

GODIYAR ASUBA

A gidaje da yawa, kafin a ɗauki hauya a tafi gona, mai gida yakan tara iyalinsa a tsakar gida. Wanda ya iya karatu, ko yaro ne ɗan lakkol, sai ya karanta ƴan ayoyi. A yi waƙa ɗaya, sa'an nan a yi addu'a.

Abin lura shi ne, godiya ake fara yi kafin roƙo, kuma ana kiran kowane abu da sunansa. An kwana lafiya, kunama ba ta harbi kowa ba. Zazzaɓin ƙaramin yaro ya sauka. Akuya ta haihu, da ita da ɗanta suna tsaye. Ɗan da ya tafi cin rani ya aiko da gaisuwa. Tsohuwa ta iya shan fura jiya. Sai an gama wannan ƙidaya tukuna a ce: ga kuma abin da ya dame mu.

Addu'ar da Yesu Almasihu ya koya wa almajiransa, wadda take cikin Matiyu sura 6, abincin yini ɗaya take roƙo. Saboda haka Kirista yakan ɗauki tuwon kowane dare a matsayin amsar roƙon da ya yi da safe. Wanda ya roƙa da safe ya samu da dare, ai godiya ta zama dole.

KAFIN HANNU YA SHIGA AKUSHI

In an aje tuwo, ba a sa hannu sai wani ya yi addu'ar godiya. Ko gaya ne babu miya, ko fura ce babu nono, haka ake yi. Addu'ar ba ta da tsawo, amma tana sa mutum ya tsaya ya dubi abin da ke gabansa.

To, mu ma mu tsaya mu duba. Hannu nawa wannan tuwo ya bi kafin ya iso akushi? An yi shuka, an yi noma, an yi maimai. An yanke, an ɗaure, an kai rumbu. Daga nan aiki ya koma hannun mata: sussuka, da shiƙa, da surfe, da wanki, da daka, da tankaɗe. An ɗebo ruwa a rijiya mai zurfi. An yo icce daga nesa. An yi talge, an tuƙa cikin hayaƙi. Mu maza mukan cinye cikin ɗan lokaci, mu wanke hannu, mu tashi.

Shi ya sa a majami'a akan tuna wa magidanta cewa wanda ya gode wa Allah saboda tuwo, ya juya kuma ya ce wa wadda ta tuƙa shi "Sannu da aiki." Mata masu bi suna da ƙungiyarsu, Zumuntar Mata. Su ne suke zuwa barka da ta'aziyya, su ne suke kai wa mara lafiya kunu, su ne kuma suke riƙe da waƙoƙin godiya ranar Lahadi. Gida bai tsaya da ƙarfin mai gida shi kaɗai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Har a sunayen ƴaƴansu ana jin wannan hali. Za ka ji yarinya sunanta Godiya, ko Alheri, ko Murna, ko Salama. Duk lokacin da uwa ta kira ɗiyarta ta kawo ruwa, ta tuna da ranar da ta sauka lafiya.

KUTARE GOMA

Akwai wani labari da ake yawan karantawa, yana cikin Luka sura 17. Kutare 10 suka hangi Yesu a bakin wani ƙauye, suka roƙe shi daga nesa ya ji tausayinsu. Ya aike su wurin firistoci, suna kan hanya sai dukansu suka warke. Mutum 1 ne kaɗai ya komo ya yi godiya, shi kuwa baƙo ne, Basamariye. Sauran 9 suka wuce abinsu.

A ƙasar da take da asibitin Danja, wannan labari ba ya bukatar dogon bayani. Tsofaffinmu sun san zamanin da kuturu yake zama bayan gari, ba mai ci da shi. Yau kuturta tana da magani, kuma kyauta ake ba da shi. Ana shan sa wata 6 ko wata 12, mutum ya warke. In an fara da wuri, yatsu ba sa lalacewa. Wanda ya ga wani tabo a fatarsa da ba ya jin taɓi, ya hanzarta zuwa likita.

Tambayar da labarin yake yi mana ita ce: sau nawa muka yi kuka a lokacin ciwo, da muka warke muka manta? Ranar da yaro yake kwance, babu alkawarin da ba mu yi. Ranar da ya tashi yana gudu, sai mu koma ƙorafin tsadar goro.

GODIYAR KAKA

In an gama aikin kaka, majami'u da yawa sukan keɓe wata Lahadi ta godiya. Kowane gida yakan kawo abin da gonarsa ta bayar. Wani damin hatsi, wani kwanon wake, wata gujiya daga gamanarta, wani kaza ko ɗan akuya. Ana shigowa da su ana waƙa, a tara gaban jama'a. Da wannan baiko ake taimakon fasto, da gwauraye, da marayu, da wanda gonarsa ba ta yi ba.

Waɗansu suna fitar da kashi 1 cikin 10 na amfanin gona. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. A Musulunci ma, gonar da ruwan sama ya shayar zakkarta 1 cikin 10 ce in amfanin ya kai nisabi, wadda aka shayar da wahalar ban ruwa kuma 1 cikin 20. Haka nan maganar kala. Littafin Firistoci sura 19 ya hana mai gona ya kwashe komai ƙaf, don matalauci da baƙo su sami abin tsinta. Rut, gwauruwar da ta ciyar da surukarta, da kala ta ciyar da ita.

Ga wani amfani da ba kowa yake lura da shi ba. Mutum ba ya iya fitar da 1 cikin 10 sai ya san adadin dukan abin da ya samu. Ke nan dole ya ƙidaya dammansa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ƙidaya kuwa ya san ko hatsin zai kai shi wata damana, ko ba zai kai ba.

IN SHEKARA TA ƘI FA?

Wani zai ce: godiya da cikakken rumbu ai ba wuya. Me za a gode a kai in fari ya zo? Tambaya ce ta gaskiya. Iyayenmu sun ga 1973, lokacin da bisashe suka mutu a kan hanya. Sun ga 1984. Mu ma mun ga 2005, bayan fara da ƙarancin ruwa sun ɓata damanar 2004. A irin waɗannan shekaru an ci jiga da tafasa, an jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita.

Kiristoci ba su ce yunwa daɗi gare ta ba. Littafinsu cike yake da kukan masu wahala, kamar Ayuba da ya rasa dukiya da ƴaƴa da lafiya. Abin da suke koyarwa shi ne, ko cikin tsanani a nemi abin da ya rage a hannu a kira sunansa. Rai yana nan. Irin shuka tiya 2 yana ɓoye cikin tulu. Tunkiya ɗaya ta tsira. Maƙwabci ya aiko da kwano. Mutumin da idonsa yake kan abin da ya rasa kaɗai, shi ne yake cinye irin shuka, ya sayar da gona da araha, ya bar gari. Wanda ya ga abin da ya rage yana da wurin da zai dafa ya tashi.

Ga misali daga jihar Maraɗi. A 1983 wani ma'aikacin gona na SIM, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya gaji da dashen itatuwa suna mutuwa. Sai ya lura cewa ƴan tsiron da muke sarewa kowace shekara lokacin sassabe, kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana can ƙasa. In aka bar reshe mai ƙarfi aka rage sauran, sai itace ya tashi. Bayan yunwar 1984 manoma, Musulmi da Kirista, suka kama wannan aiki, maƙwabci yana koya wa maƙwabci. Yau gawo da kalgo da sabara sun koma gonaki masu ɗimbin yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Kyautar tana cikin gona tun da daɗewa, muna sa mata wuta.

GODIYA DA HANNU

Kada wani ya ɗauka godiya ita ce naɗe hannu. Labarin Yusufu yana cikin Littafin Farawa, yana kuma cikin Alƙur'ani mai girma. Masar ta sami shekara 7 ta ƙoshi, sa'an nan shekara 7 ta yunwa. Abin da ya ceci jama'a shi ne ajiyar da aka yi lokacin ƙoshi.

Wanda ya gode saboda hatsi, ba zai kwashe shi zuwa kasuwa da kaka lokacin da ya faɗi ba, ya komo da damana ya saye shi da tsada, ko ya ci bashi. Ba zai ƙarar da shi wajen biki ɗaya don a yabe shi ba. In garinsu akwai bankin cimaka, zai riƙe shi da amana. Wanda ya gode saboda yaro, zai kai shi allurar rigakafi, ya kwantar da shi cikin gidan sauro, ya sa shi lakkol, mace ko namiji. Wanda ya gode saboda saniya, zai tanadi harawa da kara tun kaka, kafin bazara ta matsa.

GA MASU KOYON KARATU

Ku da kuke zuwa makarantar yaƙi da jahilci, ga aikin da zai amfane ku. Kowa ya sami ɗan littafi ya aje a gida. Ya rubuta ranar da ruwan shuka ya sauka. Ya rubuta dame nawa ya kai rumbu, da nawa ya fitar don Allah. Ya rubuta ranar da akuya ta haihu, da ranar da aka yi wa yaro allura.

Ya kuma yi wannan lissafi. In gidanka yana cin tiya 2 a yini, a wata tiya 60 ke nan, a shekara tiya 730. In buhu yana ɗaukar tiya 40, kana bukatar buhu 18 da ɗan ɗori. Sussuka dame ɗaya ka auna, sai ka san abin da rumbunka yake ɗauke da shi. In ya isa, ka san abin da za ka gode a kai, da lambarsa. In bai isa ba, ka sani tun kaka, sai ka nemi dabara: noman rani, ko sana'a, ko sayar da rago ka sayi hatsi tun yana araha.

Da dare, in an ci tuwo, a karanta wa iyali abin da aka rubuta. Yara su ji, uwar gida ta ji, a gode wa Allah tare, kowa bisa addininsa.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Allah ya sa albarka cikin abin da muka samu, ya kai mu damana mai kyau. Amin.