Mai Daji Shi Ke Tsara Kamannin Dajinsa

Wanda ya bar birnin Katsina ya kama hanyar Jibiya zai riƙa ganin layukan bedi da aka dasa don tare iska da rairayi, irin waɗanda shirin dashen itatuwa na Katsina ya yawaita tun daga 1987 da tallafin ƙasashen Turai. Tsawonsu ɗaya, kaurinsu ɗaya, don lokaci guda aka sa su a ƙasa. Dashen hukuma ke nan: iri guda, sa'o'in juna. In cuta ta kama ɗaya, sauran ma suna cikin haɗari.

Gona kuwa tsarinta daban. Manomi ba ya barin itace sai wanda ya san ranarsa. Ga gawo, mai kakkaɓe ganye da damina ya bar gero ya sha rana, da rani kuma dabbobi su ci 'ya'yansa. Ga kuka don miya, ɗorawa don kalwa, tsamiya don kunu. Sai dai a duba da kyau, galibinsu tsofaffi ne, gadon kakanni. Ina matasan? Garma da awaki sun gama da su tun suna tsiro.

Gandun dajin gwamnati, irin Dajin Rugu, shi ya kamata ya fi tara iri-iri, marke da kalgo da aduwa da sabara, manya da ƙanana. Amma kayan hukuma maraya ne. Masu gawayi sukan fara da manyan itatuwa masu ƙarfi, a bar kututture da sabara, yanzu kuma 'yan bindiga sun sa shiga dajin ya gagari ma'aikatan gandu.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun ɗanɗana wannan maraici na kayan hukuma. A da, dokar Nijar ta mallaka wa gwamnati itacen da ke cikin gonar mutum, har a ci shi tara in ya sare, sai manoma suka riƙa tumɓuke tsiro tun bai zama abin rigima ba. Daga wajen 1983 aka fara sassabin zamani, wato rainon tohon kututture maimakon ƙone shi, dokar kuma ta sassauta. An ƙiyasta hekta miliyan 5 ta farfaɗo a kudancin Nijar, akasari ba da dashe ba.

Muna kira ga hukumomin gandun daji na Katsina su tabbatar wa manomi a rubuce cewa itacen da ya raina nasa ne. Manomi kuma, in ka zo sharar gona bana, ka bar tohon gawo.