Zaiba: amfaninta da haɗarinta

Zaiba ƙarfe ce mai launin azurfa. Ita kaɗai ce ƙarfen da ke zama ruwa-ruwa ba tare da an ɗora shi kan wuta ba. Tana da nauyi ƙwarai: lita ɗaya ta ruwa kilo 1 ce, amma lita ɗaya ta zaiba ta kai kilo 13 da rabi. Ko ƙusa aka jefa cikinta, ba ta nutsewa. Zaiba ba ta da yawa a ƙasa. Daga wani jan dutse ake fitar da ita.

Ina ake amfani da ita?

Ana samun ta cikin tsofaffin ma'aunan zafin jiki na gilashi da dogayen ƙwayayen lantarki. Wasu mayukan hasken fata ma suna ɗauke da ita. Masu haƙar zinariya, kamar na Komabangu a jihar Tilaberi, suna cuɗa ta da garin dutse. Zaiba takan kama zinariyar, su dunƙule wuri ɗaya. Daga nan sai a ƙona dunƙulen, zaibar ta tashi, zinariyar ta rage.

Ina haɗarin yake?

Tururin zaiba ba shi da launi, ba shi da wari. Mutum yakan shaƙe shi bai sani ba. Sannu a hankali yana lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda, ya kawo rawar hannu da mantuwa. Ya fi cutar da yara da ɗan da ke cikin ciki. Idan zaiba ta shiga kogi, takan taru a jikin kifi. A shekarar 1956 aka gano cutar da ta nakasa mutanen garin Minamata na Japan, bayan sun ci irin wannan kifi. Yarjejeniyar duniya ta rage amfani da zaiba, mai sunan garin, ta fara aiki a 2017, kuma Nijar na cikinta.

Me ya kamata mu yi?

Kada a ƙona zaiba cikin ɗaki ko madafa. A yi aikin nesa da gidaje da rijiyoyi, cikin tukunya mai rufi da ke tare tururin. Mata masu ciki da yara su nisanci wurin. Idan ma'aunin zafi ya fashe, kada a share da tsintsiya: a kwashe da kwali, a zuba cikin kwalba mai murfi, a buɗe tagogi. Wanda ya yi aiki da zaiba, idan ya ga hannunsa na rawa, ya je gidan likita, ya faɗi aikin da yake yi.