Biza da Izinin Zama: Dokokin da Ke Sa a Riƙe Baki

A can ƙurewar arewacin duniya akwai tsibiran Svalbard, ƙarƙashin ƙasar Nowe, inda ba a tambayar kowa biza ko izinin zama. Tushen abin wata yarjejeniya ce ta 1920. Mutumin Kano ko na Maraɗi zai iya zuwa ya zauna ya kama aiki, muddin yana da masauki da abin ciyar da kansa; in aljihu ya bushe, gwamnan wurin na da ikon sallamarsa. Sai dai jiragen fasinja da ke zuwa can daga cikin Nowe suke tashi, ita kuwa ba ka taka ta sai da bizar Shengen. An buɗe maka ɗaki ke nan, an kulle zaure. Wanda ya isa kuma zai tarar rana na yin kusan wata huɗu ba ta fito ba.

Ostireliya ta taɓa yin dabarar da ta fi wannan rashin kunya. Daga 1901 zuwa 1958, jami'in shige da fice na iya yi wa baƙo shifta ta kalmomi 50, in ya kasa rubutawa a mayar da shi. Dabarar tana wajen zaɓen harshe: jami'in ne ke zaɓa, cikin harsunan Turai, don haka sai ya lalubo wanda ya tabbata baƙon bai sani ba. Manufar ita ce hana waɗanda ba farar fata ba shiga, ba tare da an rubuta hakan ƙarara a doka ba. A 1934 abin ya faɗa kan Egon Kisch, ɗan jarida daga Cekosulobakiya da ya je taron adawa da yaƙi. Aka hana shi sauka, ya diro daga jirgin ruwa a Melbon ya karye a ƙafa. Da yake yana jin harsunan Turai da dama, sai aka yi masa shifta da Gelik na tsaunukan Sikotilan. Ya faɗi, aka je babbar kotu, ita kuma ta ce wannan ba ya cikin harsunan da dokar take nufi. Kisch ya yi jawabansa ya ƙoshi.

Maƙwabciyarta Niyuzilan ita da lafiyar baƙo take damuwa. A 2013 ta ƙi sabunta wa wani mai dafa abinci ɗan Afirka ta Kudu izinin aiki saboda nauyinsa ya kai kilo 130, wai zai zame wa asibitocinta nauyi. Da surutu ya yi yawa aka ƙara masa wa'adi.

Amurka kuwa ƙuri'a take jefawa. Dokar 1990 ta ware biza 55,000 a shekara don ƙasashen da mutanensu ba su da yawa a can. An cire Najeriya tun daga zagayen 2015, don 'yan ƙasar da suka samu zama a Amurka cikin shekara biyar sun haura 50,000. Abin lura shi ne, a tsarin shirin wurin haihuwa ake dubawa, ba fasfon da ke hannunka ba. Wanda aka haifa a Damagaram ya girma a Daura, a lissafin Nijar yake. Mai aure ma na iya shiga da ƙasar haihuwar matarsa.

A takardar neman bizar Amurkar akwai tambayar ko kai ɗan ta'adda ne, ko ka taɓa hannu a kisan ƙare dangi. Ba wai suna jiran wani ya ce e ba ne. In aka gano daga baya, ƙaryar da ka yi a takarda kaɗai ta isa hujjar korarka.

Rukunin bizar Amurka na H-1B da injiniyoyi da masana kwamfuta ke kokawa a kansa, masu tallan kayan ƙawa ma na da gurbi a ciki. A 2013 kuma aka ba wani mai wasan kwamfuta na League of Legends irin bizar da ake ba 'yan wasan motsa jiki.

Istoniya na ba da katin zama ta intanet tun 2014. Da shi za ka buɗe kamfani a can, ka sa hannu a takardu, amma bai ba ka ikon taka ƙasar ko na kwana ɗaya ba.

Tsarin da ya fi shafar mutanenmu shi ne na Saudiyya, kuma shi ba abin dariya ba ne. Iƙamar ma'aikaci a ɗaure take da kafilinsa. A da, in kafili ya kai rahoton cewa ma'aikaci ya gudu, nan take yakan koma mai zama ba bisa ƙa'ida ba, ko da albashinsa aka danne ya fita neman haƙƙi. A watan Maris na 2021 aka sassauta: ma'aikaci na iya sauya wurin aiki ko fita ƙasar ba da yardar kafili ba, bisa wasu sharuɗɗa. Amma sassaucin bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, wato daidai ayyukan da dillalai ke kai 'ya'yan talakawa. Bizar Umara kuma ba ta aiki ba ce, komai daɗin bakin wanda ya karɓi kuɗinka. Mai hali fa? Tun 2019 akwai iƙama ta dindindin marar kafili, kuɗinta riyal 800,000.

Sayar da zama ba Saudiyya ta fara ba. Tsibirin Sen Kits da Nebis na sayar da fasfo tun 1984. Sifaniya ta yi shekaru tana ba da izinin zama ga duk wanda ya sayi gida na yuro 500,000, har ta rufe a 2025 da 'yan ƙasa suka koka da tsadar gidaje. A shekarar ce kotun Tarayyar Turai ta ce wa Malta fasfonta na kuɗi ya saɓa doka.

Japan ta yi akasin haka. A 2009, da masana'antu suka ja baya, ta riƙa biyan jikokin Japanawan da ta gayyato daga Barazil yen 300,000 kowanne don su koma, da sharaɗin kada su dawo da irin bizar da suka zo da ita.

A Denmak, tun 2019, ba ka zama ɗan ƙasa sai ka yi musabaha da jami'in da ke jagorantar bikin, namiji ne ko mace. Kowa ya san da wa ake. A Suwizalan kuwa wasu ƙauyuka kan kaɗa ƙuri'a kan mai neman zama ɗan ƙasa. Wata 'yar asalin Holan sau biyu ana ƙin ta saboda ta matsa wa mutane da yaƙi da ƙararrawar da ake rataya wa shanu, sai a 2017 hukumar jiha ta ba ta.

Mu ma nan ba a bar mu a baya ba. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, kuma mutanen zango da dama, har da waɗanda a can aka haife su, suka kwashe kaya. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari a Najeriya ta yi irin nata, 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka kama hanya, alhali shekara huɗu kacal da ECOWAS ta amince ɗan yankin ya shiga kowace ƙasarta ya yi kwana 90 ba biza. Ƙa'idar kwana 90 ɗin ce ta kama mutane: izinin shiga aka bayar a lokacin, ba na zama ko na aiki ba.