Babi na Bakwai: Inda Nasarar Aljabara Take Farawa

A ƙananan makarantun sakandare na Dutse, Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu, aljabara ce inda yara da yawa suke fara cewa lissafi ya fi ƙarfinsu. Haruffa sun shigo cikin lambobi, ga jarrabawar BECE tana jira a ƙarshen aji uku. Sai dai tun daga firamare ake iya hango wanda zai haye.

Alama mafi ƙarfi ita ce iya rabawa da lissafin kaso. A shekarar 2012 Robert Siegler da abokan aikinsa sun bi bayanan ɗalibai a Amurka da Birtaniya, suka gano cewa yaron da ya laƙanci waɗannan biyun a firamare shi ya fi yin fice a aljabara daga baya, ko da an cire tasirin kuɗin iyaye da iliminsu.

Lissafin kaso ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin da shi ake rabon gado. Al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, ya ba rabon gado kaso mai yawa a ciki. A ce mutum ya rasu ya bar naira 240,000, da mata, da ɗa, da 'ya. Mata tana da sumuni, wato 30,000. Sauran 210,000 namiji na da rabon mace biyu, sai a rubuta 2x + x = 210,000. 'Ya ta sami 70,000, ɗa 140,000. Yaron da ya san nisfi da rubu'i da sudusi a islamiyya ya riga ya taka matakin farko, in malami ya haɗa masa su da aljabara.

Alama ta biyu ita ce fahimtar alamar daidai (=). A ba yara 8 + 4 = __ + 5, da yawa za su rubuta 12, domin sun ɗauka alamar tana nufin "kawo amsa". Wanda ya rubuta 7 ya gane cewa sikeli ne, dole ɓangarorin biyu su yi nauyi ɗaya.

Ta uku harshe ne. Tambayoyin suna zuwa da Turanci, yaro kuwa da Hausa ko Fulatanci yake tunani. Sau da yawa jimlar ce ta kayar da shi tun bai kai ga lissafin ba.

Sai zuwa makaranta a kai a kai. Darasin yau kan na jiya yake hawa, don haka fashin ranar kasuwar Shuwarin ko na lokacin girbi yana barin giɓi mai wuyar cikewa.

Saboda haka, kafin malamin aji ɗaya ya rubuta x a allo, gara ya gwada yaransa a kan rabawa da kaso, ya gyara abin da ya samu.