Hanyar Gano Musabbabin Ɓacin Tirim da Sitiyarin Matsin Mai a Injin Bayan Jirgin Ruwa

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin bayani a kan hanyar gano musabbabin ɓacin wasu na'urori biyu da ke tare da manyan injunan da ake maƙala wa jirgin ruwa a baya, watau na'urar da ke ɗaga inji ta kuma sauke shi, wadda masu sana'ar ke kira tirim, da kuma sitiyarin da ke aiki da matsin mai. Galibin jiragen fito da na su da ake gani a Yawuri da Tafkin Kainji da Baga ba su da waɗannan na'urori. Matuƙi yakan kama hannun injin ne ya juya shi, kuma da ƙarfinsa yake ɗaga shi. Amma inji mai ƙarfin doki 200, irin wanda ake sa wa jiragen sintiri, nauyinsa yakan kai wajen kilo 200, ba kuwa damtsen da zai iya sarrafa shi cikin gudu. A irin wannan jirgi, ran matuƙi da na fasinja yana rataye ne a kan mai ɗan kaɗan da ke cikin tiyo.

Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, sau da yawa inda alamar ɓaci ta bayyana daban, inda tushenta yake daban. Saboda haka kwance famfo, wanda makanikai da dama ke farawa da shi, kamata ya yi ya zama matakin ƙarshe.

Tushen aikin

Na'urorin biyu sun dogara ne ga ƙa'idar da Blaise Pascal, masanin nan na Faransa, ya bayyana a littafinsa da aka buga a 1663, bayan rasuwarsa: idan aka matsa ruwa a cikin rufaffen mazubi, matsin yakan isa ko'ina daidai wa daida. Mai ba ya takurewa idan an matsa shi, iska kuwa tana takurewa. Wannan bambanci shi kaɗai ya isa ya bayyana rabin matsalolin da za mu tattauna. Sai dai a lura, man tirim da na sitiyari ba sa haɗuwa. Famfon tirim ƙaramar motar lantarki ce mai volt 12 ke juya shi. Famfon sitiyari kuwa, a tsarin da ya fi yawa, hannun matuƙi ne ke juya shi, ba ruwansa da batir.

Tirim: a fara da kunne

Idan aka danna maɓalli inji bai motsa ba, abu na farko shi ne a saurara. In ba a ji komai ba, sai a duba fis da maɓallin kansa. In an ji ƙas amma motar ba ta juya ba, to, ko batir ya yi sanyi, ko tsatsa ta ci bakin wayoyi, ko kuwa buroshin motar ya cinye. Cikakken batir yakan nuna wajen volt 12.6 yana hutawa, amma wannan awo ba ya wadatarwa. Sai an auna lokacin da ake danne da maɓallin, domin wayar da tsatsa ta ci takan nuna lafiya har sai an ɗora mata aiki.

Tsakanin maɓalli da motar akwai makunnai biyu masu aiki da maganaɗisu, waɗanda ake kira rile, ɗaya na hawa, ɗaya na sauka. Idan inji yana hawa amma ba ya sauka, ko akasin haka, sai a musanya su. In matsalar ta bi rilen ta koma ɗaya ɓangaren, an gama bincike ke nan. Kamfanoni irin su Yamaha da Mercury sukan sa shuɗiyar waya ga hawa, koriya ga sauka, kuma makanikai kan tuna da haka ta cewa shuɗi na sararin sama ne, kore na ciyawar ƙasa. A motar da ke da waya biyu, in aka haɗa su kai tsaye da batir za ta juya, in aka sauya su ta juya ɗaya wajen. Motar da ta amsa wannan gwaji ba ta da laifi.

Sai an ji motar tana juyawa amma inji bai tashi ba, sa'an nan ne za a waiwayi mai. A nan ma akwai abin da ya fi komai sauƙi, shi ne kuma aka fi mantawa. A gefen maƙalin injin akwai wani rami da ake zura sukundireba a kwance wani bawul, domin a iya ɗaga injin da hannu ranar da batir ya mutu. Wanda ya kwance shi bai mayar ya ɗaure sosai ba, ya bar wa mai hanyar zagayawa banza. Famfo zai yi ta kuka, inji yana nan inda yake, ko kuma ya riƙa zabura sama duk lokacin da aka sa giyar baya.

Ana duba yawan mai ne bayan an ɗaga injin ƙarshen ɗagawa an tokare shi da ƙarfen tokararsa. Ba a shiga ƙarƙashin injin da mai kaɗai ke riƙe da shi, ko da na ƙiftawar ido ne. Man ya kamata ya kai leɓen ramin zubawa. In ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, kuma ƙari ba zai yi magani ba, sai an zubar an sake robobin toshiya, watau sil. Bayan an cika, hawa da sauka sau huɗu ko biyar yakan kori iskar da ta maƙale. Injin da aka bari a ɗage da dare aka tarar ya sunkuya da safe kuwa, yoyo ne. In ana ganin mai a jikin sandunan turawa, sil ne ya mutu, kuma a kogunanmu yashi da laka na damina su ne kan gurje shi. In waje a bushe yake, yoyon na ciki ne, a bawul ɗin da muka ambata ko a ƙananan bawuloli masu hana mai komawa.

Inda tirim ke shafa wa sitiyari laifi

Wannan shi ne wurin da, a ganina, aka fi yin asarar kuɗi. Matuƙi yakan zo da kukan cewa jirgi yana ja gefe ɗaya, sai a kama sitiyari da kwancewa, alhali lafiyarsa ƙalau. Farfelar da ke juyawa dama, wadda ita ce aka fi amfani da ita, ba ta tura ruwa daidai a ɓangarorinta biyu sai sandarta tana kwance sosai da hanyar tafiya. In aka sauke injin ƙwarai ya matso jikin jirgi, goshin jirgin yakan nutsa, sitiyari ya ja dama, har a kai ga goshin ya riƙa karkatar da jirgin ba zato. In aka ɗaga shi fiye da kima, sai ya ja hagu, goshin ya riƙa tashi yana faɗuwa, farfela ta shaƙi iska, ƙarar inji ta ƙaru gudu ya ragu. In ramukan shan ruwa suka fito waje, injin ya ɗauki zafi. Duk wannan yana faruwa cikin tazarar da ba ta wuce wajen digiri 20 ba.

Sama da farfela akwai wani ɗan ƙarfe mai kamar fiffiken kifi wanda aka sa don ya rage wannan ja. In jirgi ya fi sauƙin juyawa dama, sai a karkata gefensa na baya zuwa dama kaɗan, haka nan in hagu ne. A injuna da yawa wannan ƙarfe shi ne kuma aka tanada don tsatsa ta ci maimakon jikin injin, saboda haka yakan lalace a hankali, jan kuwa ya dawo ba tare da kowa ya taɓa komai ba.

Abin lura a nan shi ne, sitiyarin matsin mai yana ɓoye wannan ja. A cikin famfonsa akwai bawuloli da ke kulle mai da zarar an daina juyawa, don haka ƙarfin farfela ba ya isowa hannun matuƙi. Amma nauyin yana nan a kan silinda. Alamarsa ita ce sitiyari ya yi sauƙi a gefe ɗaya, ya yi nauyi a ɗayan, kuma cikin gudu kawai. Matsalar da ke bayyana cikin gudu ta ɓace a bakin gaɓa, a nemi tushenta a tirim tukuna.

Sitiyarin kansa

Tsarinsa bai da yawa: famfo a bayan sitiyari, wanda shi ne kuma ma'ajin mai, da tiyo biyu, da silinda a gaban injin. Hanya mafi sauƙi ta gwada lafiyarsa ita ce ƙirga juyi. Alal misali, famfon SeaStar da aka fi sani yana tura kusan mililita 28 a kowane juyi, silindarsa kuwa tana ɗaukar kusan mililita 136, watau juyi biyar ke nan daga ƙarshe zuwa ƙarshe. In ya zama bakwai ko takwas, ko sitiyarin ya yi laushi kamar soso, ko yana tsalle-tsalle a hannu, iska ta shiga. Haka nan in mutum ya tura injin da hannu ya ga yana motsi alhali sitiyari na tsaye. Iska kuwa galibi tana shiga ne idan mai ya ragu, don haka a juya sitiyarin ƙarshe a danne, a bi mahaɗan tiyo da bakin silinda da yatsa a nemi danshi. In an fitar da iska, ba yoyo a waje, amma injin bai daina zamewa ba, to sil ɗin fistin ne ke barin mai ya tsallaka, ko datti ya hana bawul rufuwa. Zamewar sitiyari kaɗan-kaɗan idan an danne shi a ƙarshe ba ɓaci ba ce, haka ma rashin komawarsa daidai inda yake jiya.

Fitar da iska aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana kife kwalbar mai a bakin famfo yana juya sitiyari a hankali, ɗaya yana buɗe ƙaramin bakin fitarwa a silinda har mai ya fito ba kumfa, sa'an nan a koma ɗaya gefen. Kada a bari kwalbar ta ƙare, kada kuma a kama sandar silinda da filaya, domin ƙarzane ɗaya ya isa ya yaga sabon sil. Game da irin man, a bi abin da kamfanin ya ce. Man birki dai haramun ne a nan, yana kumbura robobi ya kashe famfo, ga shi kuwa shi ne ya fi kusa da hannun makanikin mota.

Sitiyarin da ya yi tauri a ɓangarorin biyu, ko jirgi na tsaye, da wuya laifin mai ne. A raba silinda da injin a tura injin da hannu. In ya ƙi, tsatsa ce da rashin giris a inda yake juyawa, ko a bututun da sandar riƙe silinda ke ratsawa. In ya tafi salin-alin, sai a bi tiyo a ga ko ya lanƙwashe. Wannan dubawa ba ta cika sai an ɗaga injin ƙarshen ɗagawa an juya shi dama da hagu, domin tiyon da ke sake lokacin da inji ke ƙasa yana iya matsewa tsakanin silinda da allon bayan jirgi idan an ɗaga, ya riƙa gogewa a wurin da ido ba ya kaiwa har ranar da zai fashe a tsakiyar ruwa.