Hawan Kibo da Hunturu: Bayani ga Masu Kaya

Fatake da dillalai masu ɗauko dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu, da masu kabeji da tumatir na Jos, ga bayani a kan hanya tun da sanyi ya kama.

Jos bisa tudu take, wajen mita 1,200 sama da teku. Motar da ta nufi Akwanga sai ta sauko ta Hawan Kibo, cikin ƙasar Riyom. Sunansa hawa, amma ga mai fitowa da kaya gangara ce, kuma gangarar ita ke cin mota. In direba ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama bai ɗaga ba, ƙarfen yakan yi zafi, a taka a ji ba ya kamawa. Mai birkin iska kuwa, yawan tattakawa yana ƙarar da iskar tanki. Maganin tsoho ne: giyar da za a hau da ita, da ita ake sauka, inji ya riƙe motar. Direban da ke kashe giya ya saki mota don rage shan gas, kada ka ba shi kayanka ko a rabin kuɗi.

Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma ga hazo. Wata asubar ba a hango kwana sai an zo kanta. Babbar fitila ba ta huda hazo, cikin ido take dawowa, ƙarama ake kunnawa.

To, kai mai kaya, ga inda hannunka yake. Duk buhun da ka sa aka ƙara bayan lodi ya cika, birki ne zai ɗauke shi. Kafin a tashi ka tsaya ka ga an zubar da ruwan tankin iska, an duba tayoyi da batir, don sanyi na kashe tsohon batir, kuma yaron mota yana da waigi. Sa'an nan a daina matsa wa direba sai ya yi sammako. Dankali ba ya ruɓewa don kwana ɗaya, tumatir ma a iskar hunturu yana iya jira hantsi ya ɗaga. Dillalin da ke jiran kaya a sanar da shi da wuri, kada ya karɓi kuɗin mutane a kan ranar da mota ba za ta iso ba.

Masu hawa Mambila ta Mayo Selbe zuwa Gembu su ma haka, sai dai can tudun ya kai wajen mita 1,600, hanya kuma duk lanƙwasa ce. A sa ƙarin yini guda cikin lissafin kuɗin mota.