Daga Gombe Zuwa Jidda: Nawa Ne Nisan Ta Sama?

Duk shekara maniyyatan Jihar Gombe kan tashi daga filin jirgin sama na Lawanti zuwa ƙasa mai tsarki. Tsakanin Gombe da Jidda akwai kimanin kilomita 3,270 idan aka ja layi ɗoɗar, zuwa Madina kuwa kusan kilomita 3,400 ne.

Yaya ake auna wannan nisa? Da yake duniya a mulmule take, hanya mafi kusa tsakanin birane biyu tana bin lanƙwasar doron ƙasa ne, shi ya sa ake ganinta a karkace bisa taswira. Matuƙa jirgi suna lissafi da mil na teku, wanda kowane ɗaya mita 1,852 ne.

Babban jirgin fasinja yana cin kusan kilomita 850 a awa, don haka tafiyar kan ɗauki awa huɗu da 'yan kai, ta sararin Chadi da Sudan, sannan a haye Bahar Maliya. Sai dai ba kullum ake samun miƙaƙƙiyar hanya ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, an rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazai suka riƙa zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙara ƙonewa. Iska da yanayin sama ma suna ƙara lokaci ko su rage.

Maniyyaci ya tuna: agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, sai a gyara shi da an sauka.